Takardu Uku a Aljihun Yaya Tasi'u

Ranar da takarda ta farko ta zo, Zaliha na da kwana saba'in da biyu cikin takaba. Ni aka kira na karanta, don a gidanmu kaf, in an cire ita Zalihar, ni kaɗai na zauna lakwal, wato makarantar boko. Sunana Hafsa, ina koyar da ƴan aji uku a Babankatami, kuma tun da aurena ya mutu nake zaune gidan babban wanmu, Yaya Tasi'u, ina cin tuwonsa. Ku riƙe wannan, don shi ne igiyar da ta ɗaure mini baki.

Zaliha matar wana Halidu ce. A Madawa suke zaune da ɗiyansu biyu, Najiba da Amira. Can take aiki a biro, wato ofishin wata ƙungiya mai taimakon manoman albasa, ita ke shigar da rahotannin ma'aikatan karkara cikin ordinatar, wato kwamfuta. Halidu ya zo gida shuka, babur ya kayar da shi a hanyar Buza, bai kwana ba. Da aka yi sadakar bakwai ta ce za ta koma ɗakinta na Madawa ta yi takaba, inda tsakaninta da biro bai fi taku ɗari biyu ba. Yaya Tasi'u ya ce faufau, matar ƙanensa ba ta takaba a gidan haya kamar wadda ba ta da dangin miji. Tsohon direktansu, mutumin kirki, da ya zo gaisuwa ya ga yadda ake ciki, sai ya rubuta mata takarda ya buga hatimi: ta yi aikinta daga gida har ranar da za ta fita.

Haka ta yi ta yi a ɗakin da ke kusa da na mahaifiyarmu Inna Cima, ordinatar bisa turmi da aka kife, ita bisa tabarma. Sai wata safiya Yaya ya ji ta tana waya da wani ma'aikacin karkara, tana tambayarsa buhu nawa suka ruɓe a rumbu. Ya tsaya tsakar gida ya ɗaga murya.

"Halidu bai yi arba'in ba, ana jin muryar matatai da maza har zaure? A ba ni wayar nan."

Ta miƙo ta bayan labule. Daga ranar nan aikinta ya koma bin motar kasuwa. Duk mako direba ya kawo ƙunshin takardu daga biro, ta buga su, ta saka a ɗan ƙarfen nan da suke kira kile, direba ya mayar. Amma ƙunshin ba ya shiga gida sai ya tsaya a zaure. Yaya ya kwance, ya kira ni, in raba masa: wannan aiki ne, wannan gaisuwa ce. Aiki ya shiga, sauran ya zauna.

Ita waccan takarda ta farko ba direba ya kawo ta ba. Baba Isaka ne, tsohon falanton biro, mai kai saƙonni, ya zo bisa babur da wani babban littafi a jaka. Ya ce an umurce shi ya ba ta hannu da hannu, ta sa hannu a littafi.

"Namiji ba shi ganin mai takaba a gidan ga," in ji Yaya. "Kawo nan."

Baba Isaka ya dubi rana, ya dubi hanyar da zai koma. Ya buɗe littafin ya nuna inda ake sa sunan mai karɓa. Yaya ya karɓi alƙalami ya rubuta "Zaliha" da ajami, a hankali, kamar mai rubutun sha. Bayan babur ya tafi ya miƙo mini.

"Karanta muna. Mi sunka ce?"

Na karanta. An yi sabon direkta. Ya ce duk ma'aikacin da ke aiki a wajen biro ya dawo kujerarsa farkon wata, wanda ke da dalili ya rubuto ya haɗo da shaidarsa. Na ce, "Yaya, abu mai sauƙi ne. Tana da takardar tsohon direkta, amsa kawai za ta rubuta."

"In tag ga wagga takarda hankalinta shi tashi, ta ce sai ta tahi. Mai takaba ba a ɗaga mata hankali." Ya ninke ta huɗu ya tura aljihun gaba, wajen goro. "Ke kuma bakinki alaikum."

Na yi shiru. Wallahi na yi shiru, ni da nake dukan tebur a aji ina ce wa yara ƙarya haramun ce. Da na shiga da takardun aikin makon, Zaliha ta ɗago kai, idanunta sun yi ja don kallon ordinatar a ɗaki mai duhu.

"Malama, ba wani saƙo daga biro?"

"Babu, Maman Najiba. Aiki dai."

Ta ce ita dai tana jin wani iri, shekara tara ba ta taɓa yin wata guda ba ta ji muryar kowa na biro ba. Na ce shaiɗan ne, ta yi ta salati. Ta yi murmushi ta ci gaba da bugawa.

Farkon wata ya zo ya wuce. Damina ta yi nisa, ɗakin ya fara yoyo, ta riƙa rufe ordinatar da zanenta tana barin kanta a jiƙe. Cajin ma sai an kai shago, wani lokaci a mayar da shi rabi, ta buga da sauri kafin ya mutu. Ba ta taɓa barin motar kasuwa ta tafi ba kile ba, ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da Amira.

Takarda ta biyu, wata Laraba Yaya ya ba ni ita bayan la'asar, duk ta yi laushi da gumi. Wannan ba ta da gaisuwa. Tana cewa ba a ga Zaliha ba, ba a ji daga gare ta ba. An ba ta kwana takwas daga ranar da ta karɓi takardar, ko ta zo ko ta rubuto dalili, in ba haka ba a ɗauka ta gudu ta bar aiki.

Na ce, "Yaya, korarta za a yi."

"Su kore ta mana. Arziki ga biro yake ko ga Allah?"

"Da aikin nan take riƙe da ɗiyan Halidu."

"Mu mun mutu? In dai ina numfashi ɗiyan Halidu ba su kwana da yunwa. So kike Babankatami ta ce gidan Tasi'u ya kasa riƙe mace guda wata huɗu, har sai da tat tahi bariki neman abinci da kayan takaba?"

Na tafi wajen Inna. Ta saurare ni tana tsinkar zogale, ta ce ita da babanmu ya rasu ko bakin rijiya ba ta je ba, kuma ba ta mutu ba. Na ce Inna ba ta da direkta a lokacin. Ta jefe ni da kara ta ce boko ya lalata mini kai. Na wuce wajen liman, na tsaya daga bayan darni na yi tambaya kamar ta wata can daban. Ya ce mai takaba tana fita da rana in akwai larura ta gaske, ta dawo ta kwana ɗakinta, kuma asali ma a gidan da take zaune da mijinta ya kamata ta yi ta. Na kawo wa Yaya wannan da ɗumi-ɗuminsa.

"Liman ya hwaɗi littafi," in ji shi. "Mu kuma muna da garinmu. Kinka kai maganar gidana waje? Hafsa, ki tuna inda kike kwana."

Na tuna. Kwana biyar ina tunawa. Ina shiga ɗakinta ina fita, ina yi wa Najiba kitso a gabanta, ina ƙirga kwanaki da yatsu a ɓoye. Ran Litinin da hantsi, ina ajiye mata fura, ta ce, "Malama, kwana biyu ba ki kallon idona." Sai kawai na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga ta farko.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta tashi ta ɗauki hijabinta da takardar tsohon direkta ta nufi ƙofa. Inna ta gan ta, ta yar da tsintsiya, ta zo ta kwanta a bakin zaure, tsohuwa mai shekara saba'in, a ƙasa jiƙaƙƙiya.

"Ki taka ni ki wuce! Ɗana bai ruɓe ba, ki taka uwatai ki tahi biro!"

Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Amira ta fashe da kuka ta riƙe zanen uwarta. Zaliha ta tsaya, ta daɗe a tsaye, sannan ta juya ta koma ɗaki. Wa zai iya tsallake wannan? Ta zauna ta rubuta amsa shafi guda da hannunta, ta haɗa da takardar mai hatimi, ta ba ni.

"Yau kwana shida, in ji ki. Ki kai gobe."

Washegari na ce wa Yaya an kira malamai taro a Buza. Na hau babur zuwa titi, na shiga mota, na isa Madawa kafin azahar, ina ta hamdala da saura kwana guda a hannuna. Sabon direktan saurayi ne mai tabarau, ya karɓe ni da fara'a, har da ruwan sanyi. Ya karanta amsar, ya karanta ta tsohon direkta, ya gyaɗa kai.

"Da wannan ta zo cikin lokaci, da ba magana, Madam."

"Ai cikin lokaci muke, Mushe Direkta. Yau kwana bakwai."

Ya sa aka kawo littafin Baba Isaka, ya juyo mini shi. Ga "Zaliha" da ajami, ga kwanan wata a gefe: Juma'a. Ashe kwana biyar takardar ta yi a aljihun Yaya kafin ya ga damar kira na. Ni kuma, da kaina na malama, na kama ƙirga daga ranar da na karanta. Wa'adi ya cika tun kwana huɗu da suka wuce.

Na ce, "Wannan ba hannunta ba ne. Wana ne ya rubuta. Ita ba ta san da takardar ba sai jiya."

"Sunanta ne ko ba sunanta ba ne?"

"Shekara tara tana sa hannu a biron nan, kun taɓa ganin ta rubuta ajami?"

"Ni wata biyu ke nan da zuwana. Abin da ke faruwa cikin gidanku ba ya cikin aikina."

A lokacin idona ya faɗa kan teburinsa. Rahoton rumbunan albasa ne na makon jiya, an buga shi an ɗaure da kyau. Na san shi, don a gabana ta gama shi Amira na kwance bisa cinyarta tana rawar ɗari. Na ɗora yatsa a kai.

"Wannan fa? Wadda ta gudu ta bar aiki ce ta yi shi?"

Ya janye rahoton ya saka a aljihun tebur. Ya ce aiki daban, zama a biro daban. Ya ce shi ma daga sama aka matso shi, masu ba da tallafi suna so in sun zo su ga mutum a kowace kujera. Ya ce ya bi doka, ya aika takarda har sau biyu, ta ukun ma, ta kora, ya riga ya sa hannu. Ya ce Allah ya jiƙan mamaci. Kai, ban taɓa jin addu'ar da ta ƙona mini rai irin wannan ba.

A bakin ƙofa Baba Isaka ya biyo ni, ya ja ni gefen wata bishiyar dogon yaro. Ya ce shekara ashirin da shida yana kai takardu, ya san abin da ya gani. Ba a korar ma'aikaci ba a ji ta bakinsa ba, ba a kuma cin aikin mutum a ce ba ya nan. In ta fita ta je Tawa wajen insifektan aiki, ta tafi da takardun uku da kuma wanda zai shaida cewa ba su kai hannunta ba.

"Kai ne shaida, Baba."

Ya sunkuyar da kai. "Ɗiyata, hannu da hannu anka ce in ba ta, ban yi ba. Wata bakwai ya rage in aje aiki. In nib buɗe baki, da ni za a hwara."

Ta ukun ya kawo ta ran Alhamis. Yaya ya sake rubuta "Zaliha" a littafi, ya tura aljihu, bai ma nemi a karanta ba. Daga makon nan direba bai ƙara kawo ƙunshi ba. Duk ranar kasuwa in motar ta yi oda a bakin masallaci sai in ga Zaliha ta miƙe zaune, ta kasa kunne, sannan ta koma ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Ta daina cin tuwo sai an matsa. Ta rame har zoben da Halidu ya saya wa Najiba yana shiga yatsanta. Matan gari kuwa suna shigowa suna yabawa, wai ga matar da ta san zafin miji.

Ranar fita ta zo da kaka, ana yankan gero. Aka yi mata wanka da kitso, aka ba ta sabon zane, aka dama fura aka raba waina. Yaya ya sa babbar riga ya zauna zaure cikin dattawa, ina jin sa daga madafa.

"Kwana ɗari da talatin, ko zaure ba ta taka ba. Mun riƙe amanar Halidu."

"Madalla! Haka gidan mutunci yake."

Baƙi suna watsewa bayan la'asar ya shigo tsakar gida, ya kira Inna, ya kira Zaliha, ya yi gyaran murya. Ya ce damina ba ta yi kyau ba, kowa ya ga gonar fadama. Tunda yanzu ba aiki, gidan haya na Madawa sai a saki. Ita ta koma gidan ubanta a Allakaye da Amira, Najiba ta zauna wajen Inna tana ɗebo mata ruwa, lakwal kuma a ga abin da hali ya yi. Mutumin da ya ce in dai yana numfashi! Ga shi nan yana numfashi lafiya lau, har da goro a baki.

Zaliha ta bari ya gama. Muryarta ba ta ko rawa ba.

"Yaya, ba ni takarduna."

"Waɗanne takardu?"

"Uku. Da sunana anka karɓe su."

Ya dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa. Ya laluba aljihu ya zaro su, duk jan goro, ya jefa bisa tabarma. Ta tsince su ɗaya-ɗaya ta miƙar da su a gwiwarta. Ta ce ɗiyanta ba a raba su, gobe za ta Tawa, kuma tana buƙatar shaida. Yaya ya yi tsaki ya ce shi ba ya tsayawa gaban hukuma a kan maganar mata, abin da ya yi don Allah ya yi. Ba ta ko kalle shi ba. Ni ta kalla.

Na fara kame-kame. Na ce ai na kai amsar, na ce ai kuskuren ƙirga ne, na ce ta san zamana a gidan nan.

"Malama," ta ce, "Yaya bai san abin da ke ciki ba sai da anka hwaɗa mai. Inna ba ta karatu. Duk gidan ga mutum guda ya karanta takardar farko da idonai, ya shigo ɗakina, nit tambaye shi, yac ce babu."



Da safe ta fito da akwatinta da ordinatar da yaran biyu, karon farko da ta taka ƙofar gidan tun farkon damina. Na fito bayanta da jakata. Yaya na zaune a dakali.

"Hafsa, in kinka shiga motar nan, ki nemi wani gidan."

Na shiga. A Tawa na faɗi abin da na gani, da abin da na yi, aka rubuta, na sa hannu da sunana, da hannuna. An kira direkta sau biyu, sau ɗaya ya zo, ya kawo littafinsa. Yanzu wata biyar ke nan magana tana can, an ce mu yi haƙuri, kuma an riga an ɗora wani a kujerarta. Ina kwana ɗakin wata abokiyar aikina a bayan lakwal, in mun haɗu da Yaya a hanya sai ya kau da kai.

Biro ya ce ya bi doka, gida ya ce ya bi addini, kowa ya wanke hannunsa tas. Har yau in mace ta shiga takaba a Babankatami, da Zaliha ake yi mata misali, a ce ki yi irin ta matar Halidu, ko zaure ba ta taka ba. Ni kuwa duk Asabar in na je Madawa ina samun ta a bakin tasha, rana tsaka, tana soya wa fasinjoji awara, Najiba na riƙe mata faranti.